Hukuncin Da Ya Makara

'Yan'uwa na Kauru, Mai-Wa'azi 8:11 ya nuna mana yadda jinkirin hukunci ke ƙara wa mugu ƙarfin hali.

A 2007 hukumar EFCC ta kai tsoffin gwamnoni biyu kotu kan cin kuɗin jama'a: Joshua Dariye na Filato, maƙwabciyarmu, da Jolly Nyame na Taraba. Sai 2018 aka yanke masu hukunci. Shekara 11! A 2022 kuma aka yi masu afuwa. Nyame fa Rabaran ne, kunyar tamu ce.

Dokar 2015 ta hana tsayar da shari'ar laifi don jiran ɗaukaka ƙara. In 'yan siyasa sun zo mana godiyar kaka, mu tambaye su me za su ƙara wa dokar nan kafin mu karɓi ambulan ɗinsu.