Mai Gadin da Ba Ya Barci: Na'urar Tsaro a Jikin Injuna

Jawabi ga masu masana'antu, masu aikin wuta da ma'aikatan injuna na Akurba da kewayen Lafiya



Garin da muke bakinsa sunansa Lafiya, abin da ya tara mu yau kuwa shi ne lafiya. A watan Fabrairu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar tashar rarraba wutar lantarki da ke nan Akurba, wadda ke karɓar wuta mai ƙarfin bolt dubu 330 daga layin da ya haɗa Jos da Makurɗi. Wuta in ta samu, injuna sukan biyo baya: na casar shinkafa, na gurzar rogo, na matsar gyaɗa da riɗi, na yankan katako, na buga bulo. Wannan alheri ne. Amma inji ba shi da ido, ba shi da tausayi. Yadda yake casar shinkafa, haka zai casa hannun da ya shiga bakinsa. Saboda haka muke so mu yi bayani a kan wata ƙaramar na'ura, wadda girmanta bai wuce tafin hannu ba, da yadda ake haɗa mata waya, da yadda ake duba lafiyarta.

Abin da doka ta ce

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya yi wa wurinsa rajista, ya killace duk sashen inji mai haɗari, ya kuma tanadi hanyar yanke wa injuna wuta nan take a ɗakin da ake aiki. In haɗari ya ci rai, ko ya hana ma'aikaci aikinsa fiye da kwana 3, tilas ne a sanar da sufeton masana'antu a rubuce. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun NSITF. Sai dai mu tuna, diyya ba ta mai da yatsa.

Mece ce na'urar tsaro?

Ku ɗauke ta kamar mai gadi da ke zaune cikin akwatin wutar inji. Kunnuwansa su ne jan maballin tsayarwar gaggawa, mai kai kamar na lema, wanda ake ɗorawa a kan rawayan fenti, da kuma makunnin da ke jikin murfi ko ƙofar inji. Hannunsa kuwa shi ne kwantakta, watau babban makunnin da ke ba moto wuta. Da zarar an danna maballin, ko an ɗaga murfin, sai mai gadi ya saki kwantakta, inji ya tsaya. Kamfanin Pilz na ƙasar Jamus ya fito da irin wannan na'ura a 1987, yau kuwa kamfanoni da yawa suna ƙera ta, kuma galibinsu da ƙaramar wuta ta bolt 24 suke aiki.

Wani zai ce, ai makunni ma yana kashe inji. Gaskiya ne. Bambancin shi ne, makunni in ya lalace ba ya faɗa, sai ranar da aka neme shi a rasa. Ita kuwa wannan na'ura an gina ta ne yadda in wani abu ya lalace a jikinta ko a wayoyinta, inji ya tsaya, ya kuma ƙi tashi sai an gyara.

Ka'idojin haɗa waya

Malamai masu aikin wuta, wannan sashe naku ne, amma ya kamata mai gida ma ya san shi, don ya san abin da zai tambaya.

Na farko, hanyar maballin gaggawa a rufe take kullum, wuta na zagayawa cikinta, danna maballin ne ke yanke ta. Hikimar ita ce, in ɓera ya ci waya, ko girgizar inji ta kwance noti, wutar za ta yanke, inji ya tsaya da kansa. Wanda ya haɗa ta a juye, watau sai an danna wuta ta bi, ya haƙa rami ya rufe da tabarma, domin waya za ta tsinke wata da watanni ba wanda ya sani.

Na biyu, hanya biyu ake ja daga kowane maballi zuwa na'urar, kamar shaidu biyu a gaban alƙali. In ɗaya ta ce an danna, ɗaya ta ce ba a danna ba, na'urar takan tsai da inji ta ƙi sakinsa. Masu kyau daga cikinsu har sukan gane in wayoyin biyu sun goge sun haɗe da juna. Kada a ja hanya ɗaya a yi wa ta biyun gada a bakin na'ura don tsimin waya. Araha ba ta ado.

Na uku, a inji mai haɗari sosai kwantakta biyu ake jerawa, ɗaya bayan ɗaya. Dalili kuwa, in wuta ta yi rauni kwantakta takan yi ta karkarwa, bakinta ya yi zafi, har ya narke ya like kamar an yi masa walda. Wadda ta like ba ta sakin moto, ko da an yanke mata umurni. In biyu ne, ta biyun za ta yanke.

Na huɗu, a haɗa wayar komowa. A jikin kwantakta akwai ƙaramin baki wanda aka ƙera yadda ba zai rufe ba muddin babban bakin yana like. Ta nan ake mayar wa na'urar tsaro da labari. Kafin ta yarda inji ya sake tashi, sai ta tabbatar kowace kwantakta ta saki. In ba a haɗa wannan waya ba, ɗaya za ta like a ɓoye, a ci gaba da aiki da ɗaya, har ranar da ita ma za ta like.

Na biyar, zare jan maballi kada ya ta da inji. Sai mutum ya danna maballin sake shiri, sa'an nan ya danna na tayarwa. A kafa maballin sake shirin a wajen wurin haɗari, inda mai dannawa zai ga injin duka da idonsa.

In an ɗauke wuta

Wannan ka'ida ta biyar ta fi shafar mu a ƙasar nan. Mu ƙaddara ana cikin casa sai aka ɗauke wuta. Yaron inji ya ga dama ta samu, ya ɗaga murfi, ya zura hannu yana ciro ɓuntun da ya toshe. Can a bayan gida wani ya ta da janareto, ya juya layi. In tsohon makunni ne wanda aka bari a kunne, bel zai ɗauka nan take, hannun yana ciki. In kuwa an haɗa na'urar tsaro daidai, inji zai zauna shiru har sai an rufe murfi, an sake shiri, an tayar.

Duk da haka, kada wanda ya dogara da ita wajen gyara. Mai shiga cikin inji ya kashe babban makunni, ya sa masa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihunsa, ya gwada tayarwa ya ga bai tashi ba, sa'an nan ya sa hannu.

Duba lafiyar mai gadi

A fuskar na'urar akwai 'yan fitilu. Galibi ɗaya tana nuna wuta ta iso, biyu kuma suna nuna hanya ta ɗaya da ta biyu. In ɗaya daga cikin biyun nan tana ci, ɗaya ta mutu, akwai lahani, kuma kashewa da kunnawa ba shi ne gyara ba. Ruwa ba ya tsami banza. A nemi takardar da ta zo da na'urar, domin ma'anar fitilu takan bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Akwai kuma bakin ba da labari, wanda ake ja zuwa fitilar bango ko kwamfutar masana'anta, don shugaban aiki ya san wace ƙofa ce a buɗe. Wannan baki ɗan aike ne kurum. Kada a rataya masa aikin yanke wa moto wuta.

A sa ranar gwaji, a kuma kiyaye ta. A danna kowane jan maballi ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga kowane murfi, a ga inji ya tsaya, a rubuta rana da sunan mai gwaji a littafi. A riƙa rufe akwatin wuta, gama ƙurar hunturu da garin ɓuntu da laimar damina duk abokan gāban makunni ne.

Babbar cuta

Cutar da ta fi kowace yawa ba daga inji take ba. Lokacin kaka buhuna sun taru, masu kaya suna jira, na'ura ta tsai da inji sau biyu, sai mai gida ya ce, "Malam, yi mana dabara." Sai a ɗauko guntuwar waya a tsallake na'urar, ko a ɗaure makunnin murfi da roba, a ce gobe za a gyara. Goben nan ba ta zuwa. Mai gadi ya yi ihu, an toshe masa baki, ɓarawo kuwa yana cikin gida.

Alhaji mai inji, asarar casar wuni ɗaya ta fi sauƙi bisa ga tsayawa gaban uwar yaron da ya rasa hannu. Nemi mai aikin wuta wanda ke da takardar shaida ta hukumar NEMSA, ka kuma karɓi zanen wayoyin ka adana. Malam mai aikin wuta, in an ce ka tsallake, ka ce a'a, domin sunanka ne a kan aikin. Kai kuma ma'aikaci, ka san inda jan maballi yake tun ranar da ka fara aiki, kada a jingina buhu a gabansa, in ka ga an yi masa gada ka faɗa wa shugabanka. In ba a saurare ka ba, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya yana da sufetocin masana'antu, aikinsu ke nan.

Muna roƙon kowa, in ya koma wurin aikinsa gobe da safe, kafin a zuba buhun farko, ya danna jan maballin nan ya ga abin da zai faru. Allah ya kiyaye mu, ya sa kowa ya koma wa iyalinsa da yatsunsa goma. Wassalamu alaikum.