Jawabin Sakatare: Auren da Aka Ɗaura a Waje da Takardarsa a Gida

 

Iyayenmu malamai, dattawan Akurba, iyayenmu mata da matasa, muna godiya da kuka amsa kiran ƙungiya.

Mu mutane ne masu tafiya. Cikinmu akwai wanda ya yi aure a Maraɗi wajen fatauci, da wanda ya auro a Zangon Kumasi, da ɗalibin da ya dawo da iyali daga Sudan bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Idan akwai waliyyi da shaidu da sadaki, aure ya ɗauru a Musulunci, wannan babu ja. Amma ofishin gwamnati da banki da kotu hujja suke nema.

Mun ga haka da idonmu. Wani ɗan'uwanmu ya rasu ya bar matar da ya auro daga ƙetare da 'ya'ya uku. Da aka je karɓar haƙƙinsa a wurin aikinsa, aka ce ta kawo shaidar aure. Limamin da ya ɗaura ya rasu, shaidu suna wata ƙasa. Ta fita takaba da watanni kafin magana ta warware.

Hanya biyu ce, kuma kada mu haɗa su.

Ta farko, Dokar Aure ta tarayya, wadda asalinta na 1914 ne. Sashe na 49 ya amince da auren da aka ɗaura a wata ƙasa a gaban jami'in aure a ofishinsa, idan ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan Nijeriya ne. Sashe na 50 ya ce jami'in jakadancinmu mai muƙamin Sakatare zuwa sama shi ne wannan jami'in. To amma a lura: wannan auren rajista ne, na mace ɗaya tak. Wanda ya yi shi sannan ya ƙara aure, ko yana da mata ya je ya yi shi da wata, sashe na 46 da na 47 sun tanadar masa ɗaurin shekara 5. Kada wani ya sa hannu don neman biza bai san abin da ya ɗauka ba.

Ta biyu ita ce ta yawancinmu: a ɗaura aure bisa Musulunci, a karɓi takarda daga hukumar ƙasar da aka ɗaura shi. A Sudan ma'azun ne yake ba da ita, suna kiranta ƙasima. A Nijar ofishin magajin gari ake zuwa. Kafin a taho, a kai ta ma'aikatar harkokin wajen ƙasar da kuma ofishin jakadancin Nijeriya su buga hatimi. Idan da Larabci ko Faransanci take, a sa a fassara ta zuwa Turanci, a ajiye ta asali. Samarinmu masu aikin jirgin ruwa su sani cewa a tsakiyar teku jirgi yana bin dokar ƙasar da tutarta ke kansa ne, don haka gara a jira a sauka a ɗaura a ƙasa.

Me takardar take karewa? Tsarin Mulkin 1999, sashe na 25, ya ce yaron da aka haifa a waje ɗan Nijeriya ne idan uwa ko uba ɗan ƙasa ne. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar neman rajistar zama 'yar ƙasa, ta hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Aure kaɗai ba ya ba ta, sai ta nema. Wannan dama ba ta haɗa da baƙon da ya auri 'yarmu ba, iyayen mata su riƙe wannan. Sai kuma gado: daga kotun yanki har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Lafiya, sai an tabbatar da aure kafin mace ta karɓi tumuninta.

Wanda ya riga ya dawo babu takarda, kada ya zauna. Ya je kotu da shaidunsa tun suna raye, a yi takardar rantsuwa, a rubuta rana da wuri da sadaki da sunan waliyyi. Ya tabbatar sunayen sun yi daidai da na fasfo da katin ɗan ƙasa, don harafi ɗaya yana iya tsayar da magana. Wanda karatu ya yi wa wuya ya kawo mu karanta tare. Mu da muka koyi baƙi a ajin yaƙi da jahilci mun san tambaya ba abin kunya ba ce. Iyayenmu mata, kowacce ta riƙe kwafi a akwatinta.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya sa mu dace.