Turmin Shekara Shida: Amanar da Ke Cikin Ajinmu

Jawabin kwamitin walwala a babban taron reshe



Mun saba idan muka hallara a wannan zaure maganar albashi da ƙarin girma ce ke cinye mana lokaci. Yau muna neman izini mu yi magana a kan bakin yaran da muke koyarwa, da na 'ya'yan da muka haifa. Babu malamin da bai taɓa ganin ɗalibi ya dafe kumatu ya kifa kai a kan benci ba. Yaron da ciwon haƙori ya hana barci ba zai riƙe karatun safe ba, kuma sau da yawa bulala yake samu a wurinmu maimakon magani.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa cututtukan baki suna damun mutane kusan biliyan 3.5, kuma yara fiye da miliyan 500 suna fama da ruɓewar haƙoran fari. A garuruwanmu mukan ce tsutsa ce ke cin haƙori. Likitoci sun tabbatar babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a cikin dattin da ke manne wa haƙori. Da zarar sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙori. Miyau yana bukatar wajen rabin awa ko fiye kafin ya wanke tsamin. Saboda haka yawan lokutan da yaro ke sa zaƙi a baki ya fi yawan zaƙin kansa illa. Wanda ya ci alkaki bayan tuwo sau ɗaya ya fi wanda ya wuni yana tsotsar alewa tsira.

Yaro yakan fara haƙori yana da wajen wata 6, kafin ya cika shekara 3 ya haɗa guda 20. Iyaye da yawa kan ce ai famfara zai yi, don haka ba sa damuwa idan sun ruɓe. Amma waɗannan haƙora su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi, da su yaro ke tauna abinci, da su yake koyon furta haruffa. Turamen cikinsu sukan kai shekara 10 zuwa 12 kafin su faɗi.

Abin da ya fi shafar mu malamai shi ne turmin shekara shida. Wajen shekara 6, daidai lokacin da yaro ke shiga aji ɗaya na firamare, turame huɗu na dindindin sukan fito can ƙuryar baki, biyu sama biyu ƙasa. Suna fitowa ne a bayan haƙoran fari, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Shi ya sa uwa ba ta lura, uba ya ɗauka su ma na famfara ne. Ga shi samansu yana da kwaruruka da abinci ke maƙalewa, ga hannun yaro bai iya kai buroshi can ba. Idan suka tafi sun tafi ke nan, babu wasu a bayansu.

A wannan shekarar ce kuma muke fara ba yaro kuɗin tara. Mu dubi abin da ke kan farantan masu talla a ƙofar makarantunmu: alewa, cingam, biskit, tuwon madara, hanjin ligidi, zoɓo da lemon roba da aka cika da sukari. Masu tallan nan neman halak suke yi, wasunsu ma iyayen ɗalibanmu ne, don haka ba korarsu muke nema ba. Shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai za su iya zama da su a nemi su ƙara gyaɗa, awara, dafaffen ƙwai, ƙuli-ƙuli, kwakwa da karas. Yaro abin da ya gani yake saya.

A gida kuwa, a goge wa yaro baki sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Na dare shi ne mafi muhimmanci, domin miyau yana raguwa a lokacin barci. Ɗan ƙasa da shekara 3 a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. Ya tofar, kada ya kuskure da ruwa nan take. Babba ya tsaya a kansa har ya kai shekara 7 ko 8. Asuwaki sunna ne kuma yana kankare datti sosai, mu riƙe shi, mu haɗa shi da man. Jarirai kuma kada a kwantar da su da bulunboti mai shayi ko madara mai sukari.

Akwai abubuwa biyu na gaggawa. Na farko, idan ɗalibi ya faɗi a filin wasa haƙorin dindindin ya fita, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, a saka cikin madara, a garzaya wurin likitan haƙori cikin awa ɗaya. Akwai yiwuwar a mayar da shi. Haƙorin fari kuwa ba a mayarwa. Na biyu, idan muka ga ƙaramin yaro, musamman mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, dasashinsa yana jini, bakinsa yana wari, kumatu ya kumbura, kada a jira. Haka cutar noma take farawa, kuma cikin kwanaki kaɗan take cinye fuska. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin ita tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa bukatar da Najeriya ta jagoranta. Idan aka kama ta da wuri, magani yana tsayar da ita.

Muna roƙon reshe ya amince da abubuwa uku. Kowace makaranta ta ware minti biyar a taron safe sau ɗaya a mako don maganar tsaftar baki. Malaman aji ɗaya su nuna wa iyaye turmin shekara shida a ranar karɓar sakamako. Sannan a ranar 20 ga Maris, Ranar Lafiyar Baki ta Duniya, mu gayyaci ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su duba ɗalibanmu. Babu ɗaya a cikin ukun da ke bukatar jiran kasafin kuɗi. Mun san kuma abin da cire haƙori ɗaya ke yi wa albashin malami, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.