Yarjejeniyar ciniki da Turai: ina makiyayi ya tsaya?



Yau zan yi magana a kan yarjejeniyar ciniki da ƙasa take ƙullawa da wata ƙasa. Ma'anarta ita ce, kowane ɓangare ya yarda ya cire harajin shigo da kaya, wato kuɗin duwan, a kan kayan ɗan'uwansa. Wani zai ce mene ne ruwan mai kiwo da takardar da aka sa wa hannu a babban birni? To, ruwansa ya kai har wuya, domin farashin sa da na ƙwaryar nono yana cikin takardar nan.

Misali yana kusa da mu. Kamaru ta ƙulla irin wannan yarjejeniya da Tarayyar Turai, ta fara aiki a 2014. Kodebuwa da Gana suka bi a 2016. Abin da suka samu shi ne ayabarsu da kayan koko da kifin gwangwani suna shiga Turai babu haraji. Ba ƙaramar riba ba ce ga masu gonaki da ma'aikatan masana'antu. Su kuma suka yi alkawarin cire haraji sannu a hankali a kan kusan kashi 80 cikin 100 na kayan Turai. Harajin da aka cire kuwa kuɗi ne da ya daina shiga baitulmali, inda ake ɗibar na rigakafin dabbobi da na gina rijiyoyi.

Mun taɓa ganin abin da kaya mai araha yake yi mana. A shekarun 1980 zuwa farkon 1990, Turai ta riƙa ba ƴan kasuwarta tallafi suna kawo daskararren nama Abijan da Akara a farashin da bai kai kuɗin kiwonsa ba. Shanun Sahel suka rasa masu saye a bakin teku. Sai da aka rage tallafin, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sannan kasuwar dabbobinmu ta farfaɗo.

Yanzu abin ya koma kan madara. A 2015 Turai ta ɗage iyakar da ta sa wa manomanta a kan yawan madarar da za su tatsa. Rarar ta zama gari, wani ma an cire masa man shanu an zuba man kwakwar manja a madadinsa don ya yi araha. A wannan shekarar ce harajin bai ɗaya na ƙasashen CEDEAO ya fara aiki, wanda ya sa kashi 5 cikin 100 kacal a kan garin madara na manyan buhuna. Ta yaya matar da ta tako da ƙwarya daga ruga za ta yi gasa da wannan?

Amma ku lura da abu guda. A kowace yarjejeniya akwai jerin kayan da ƙasa take cewa ba za ta buɗe musu ƙofa ba. Kamaru ta sa nama da kayan madara a nata jerin. Gana ta sa kaji da sauran nama da albasa da tumatir. Ashe ke nan ba dole ba ne a sayar da makiyayi. Wanda ya yi magana a kan lokaci shi ake karewa, wanda ya yi shiru kuwa sai a yi rabo ba da shi ba.

Don haka buƙatunmu uku ne. Na ɗaya, duk yarjejeniyar da hukuma za ta ƙulla da kowace ƙasa, a zauna da wakilan makiyaya tun kafin a sa hannu. Na biyu, nama da madara su kasance cikin kayan da aka keɓe. Na uku, garin da aka gauraya da man manja a rubuta gaskiyarsa a jikin leda, kada a sayar wa uwa shi da sunan madarar shanu.

Mu ma akwai namu aikin. Mu haɗa kai mu kafa wuraren tara nono, mu kula da tsabta, mu tanadi dusa da harawa saboda rani, domin mai masana'anta ya samu nononmu kullum ba sai da damina ba. Idan kun koma, ku isar da wannan magana ga kowane mashekari.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana dukiyarmu.