Iliya Ma Ya Taɓa Cewa Ya Gaji



Sau da yawa idan damuwa ta yi wa mutum katutu, sai ka ji 'yan'uwa a ikilisiya na cewa bangaskiyarsa ce ta raunana. Ni kam ban yarda ba.

Mu duba Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 19. Annabi Iliya, wanda ya tunkari annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, saƙon barazana ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa shi ranta a na kare har Biyer-sheba. Ya bar baransa a can, ya nausa jeji, ya zauna gindin wani itace yana roƙon mutuwa.

To, me Allah ya yi masa? Bai fara da faɗa ba. Iliya ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa ya ci. Sai a Dutsen Horeb Allah ya saurari kukansa na cewa shi kaɗai ya rage har sau biyu, sannan ya gyara masa lissafi: ashe akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya kuma haɗa shi da Elisha, wanda zai gaje shi.

Saboda haka ɗan'uwa, in kuɗin makaranta ko jinya sun hana ka runtsawa, faɗa wa Allah abin yadda yake, ba kwaskwarima. Ka ci abinci. Ka sami fasto ko amini ka amayar masa da cikinka. In abin ya ɗauki makonni, je ka ga likita.