Nahawun Harshen Romaniya a Idon Bahaushe



A shekarun 1970 da 1980, zamanin mulkin Nicolae Ceaușescu, ɗaliban Afirka da yawa, har da 'yan Nijeriya, sun yi karatun likita da injiniya a Romaniya. Kafin baƙo ya taɓa littafin fanninsa sai ya share shekara guda yana koyon harshen ƙasar, kuma wanda ya yi sakaci da wannan shekara zai zauna a aji kamar kurma. Abin da nake son nuna muku shi ne, ɗan Birnin Kebbi ko Argungu da zai koyi harshen nan ya fi Bature ɗan Ingila sa'a, muddin ya auna shi da Hausa.

Harshen Romaniya jikan Latin ne, ɗan'uwan Faransancin da maƙwabtanmu na Dosso ke karantawa. Amma ya saɓa wa 'yan'uwansa a wuri guda: madanganci a ƙeyar suna yake liƙa shi, kamar yadda muke yi. Mu mukan ce kogi, kogin. Su kuma râu, râul. Masunci pescar ne, masuncin kuwa pescarul. Kifi pește, kifin peștele. Mai jin Turanci kaɗai sai ya yi makonni yana laluben wannan, alhali mu tun muna goye muka sha shi. Wajen mallaka ma abin da aka mallaka ke gaba: casa pescarului, gidan masuncin. Ga kuma ladabi: babba ba a ce masa tu, sai dumneavoastră, da aikatau na jam'i, tamkar yadda muke ce wa dattijo "ku".

To, a wajen jinsi ne tarkon yake. Sanin cewa suna na da namiji da mace ba baƙo ba ne gare mu, sai dai rabonsu ba namu ba ne. Rana a wurinmu mace ce, soare nasu namiji. Wata namiji ne, lună tasu mace. Gida da ruwa, casă da apă, duk mata ne a can. Suna kuma da jinsi na uku mai fuska biyu, namiji a tilo, mace a jam'i: un râu, două râuri. Babu dabara a nan illa a haddace kowane suna tare da un ko o nasa da kuma jam'insa, kuma wanda ya iya jam'in Hausa, da gidaje da koguna da kifaye, bai kamata ya yi ƙorafi ba.

Aikatau kuwa jan aiki ne. Mu wakilin suna ke sauyawa, ina, kana, yana. Su wutsiyar aikatau ce: vorbesc, vorbești, vorbește, wato ina magana, kana ko kina magana, yana ko tana magana. Daga nan nake ba mai koyo shawarar ya fara, aikatau biyar a rana, yana faɗarsu da ƙarfi.