Jawabin magatakarda a ranar bikin ƙungiya: jan inji a bayan akori-kura

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, baƙinmu da suka tsallako daga Katsina da Jibiya da Illela, sannunku da zuwa. Allah Ya maimaita mana.

An ba ni ɗan lokaci, kuma na san an sauke tukunya, don haka magana guda zan yi. A ƴan shekarun nan da yawanmu sun daina jiran babbar mota idan sun sayi inji a Kano. Janareta ne, ko injin niƙa, ko na casar shinkafa, ko ƙaramar tarakta, sai mutum ya ɗora a remok, wadda ƴan uwanmu na can ke ce wa tirela, ya ƙulla a bayan Hilux ɗinsa ya kamo hanya. Akwai sauƙin kuɗi, ban musa ba. Amma takardun neman taimako daga asusun ƙungiya ta hannuna suke bi, ni ne nake karanta yadda abin ya faru, kuma labarin kusan iri ɗaya ne kullum: remok ta fara lilo, direba ya taka birki, sai gefen hanya. Jarin shekaru ya kwanta a rami, wani lokaci har da yaron mota.

Mu fara da nauyi. Kowace mota tana da iyakar abin da kamfani ya yarda ta ja, yana cikin littafinta. Remok marar birkin kanta, iyakarta kilo 750 ne, da ita da kayanta gaba ɗaya. Kilo 3,500 ɗin nan da ake ta faɗa a tasha na wasu sababbin Hilux ne, kuma sai remok mai birki. Tsofaffin da yawancinmu ke hawa ba su kai nan ba. Ga lissafi: a ce remok kilo 500 ce, janareta kilo 1,000, ka ƙara duro guda na gas mai lita 200, shi ma wajen kilo 170. Ka kusa kilo 1,700 ke nan, fiye da ninki biyu na iyakar marar birki. Remok ɗin da mai walda ya haɗa maka da tsohon gindin mota, tambaye shi ko tana da birki. Yawanci babu. Motar za ta ja, ja ba wuya. Ranar da jaki ya faɗo titi ne za ka san birkin mota ɗaya kake roƙo ya tsayar da biyu.

Abin da na fi so ku tafi da shi yau shi ne wurin da ake zaunar da injin. Mafi yawan nauyin, kamar kashi 60 cikin 100, ya kasance gaban tayoyin remok, wato ɓangaren mota. Hancin remok ya danne ƙugiya da kimanin kashi ɗaya cikin goma na dukan nauyin, muddin bai wuce abin da aka rubuta a jikin ƙugiyar ba. Masu lodi kuwa sun fi son barin inji a baya, don nan ne ya fi sauƙin turawa da saukewa. To, idan nauyi ya koma baya, hanci yana ɗagawa, yana sauƙaƙa tayoyin bayan mota, remok ta zama wutsiya mai kaɗa kanta. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Sai ka miƙe hanya ka ƙara wuta, babbar mota ta wuce ka da iskarta, lilo ya tashi. Idan kuma aka tura shi gaba fiye da kima, bayan mota ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitilunka suna haska sama. Kafin ka biya masu lodi, ja da baya ka dubi motar da remok daga gefe. In ba su miƙe daidai ba, a sake zama, ko da za su yi gunaguni. Kuma nauyin nan da ke kan ƙugiya a cikin lodin motar yake, kada a cika bayanta da buhunan siminti a ce ai injin yana remok.

Idan lilo ya riga ya fara, ƙafa birki take nema, kuma nan ne ake faɗuwa. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka bi lilon kana murzawa dama da hagu, bar gudun ya mutu da kansa. Masu cewa a ƙara wuta don remok ta miƙe, ban san inda suka samo ba, kada ku bi. Ka samu wuri ka tsaya, ka gyara zaman kayan.

Ƙugiya ma a duba. Ƙwallon da ke zuwa daga Turai milimita 50 ne, na Amurka akwai mai inci 2, ya ɗan fi shi kaɗan. Ido ba ya rabe su, kuma a kasuwar kayan gwanjo a tuli ɗaya suke. Bakin remok da ƙwallo su zama ma'auni ɗaya, a kulle, a sa fil na gaske, ba ƙusa ko guntun rodi ba. Sarƙoƙin tsaro biyu a gitta su ƙarƙashin hancin remok, don in ƙugiya ta kuɓuce hancin ya faɗa kansu, kada ya caki kwalta.

Ɗauri kuma, igiyar da muke ɗaure buhun albasa da wake ba ta inji ba ce. Sarƙa ko bel mai tankewa, kusurwa huɗu, a jikin ƙarfen gindin injin, ba a bututu ko murfi ba. Mai taya a sa masa waigi. Bayan ƴan kilomita na farko a tsaya a ƙara tamkewa, domin kaya yana zama, ɗauri ya saki. Duk inda duwan ko jandarmomi suka tsayar da kai, a Dan Issa ne ko Konni, tunda dai jira ya zama dole, zagaya ka taɓa sarƙa, ka kai hannu kusa da cibiyar taya. In ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, boris ne ke neman giris.

Taya tana da ranar haihuwa, lamba huɗu a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar remok ta fi mutuwa da tsufa da rana, ko da zanenta bai cinye ba. Fitilun baya da sigina su yi aiki, balle lokacin hazo.

Gudu kuwa, in ka ninka shi biyu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ya ninka huɗu. A gangara sa ƙaramin giya. A kwana buɗe hannu, don remok tana yanke kwana fiye da mota.

Saura guda, kuma iyayena ku gafarce ni in na ɗaga murya. Kada a ɗora yaro a kan remok wai ya riƙe inji. Ɗan mutum ba ya riƙe tan guda. Ya shiga gaba, in babu wuri a biya masa kuɗin mota.

Ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon kwamiti ya duba shawara biyu a zamansa na gaba: ƙungiya ta sayi sarƙoƙi da bel masu kyau a ajiye a ofis, mamba ya ara ya sa hannu ya dawo da su, kuma duk mai neman taimakon asusu kan hatsarin remok ya faɗi nauyin abin da ya ja. Littafin aro ni zan riƙe shi. Wassalamu alaikum.